Zuri'ar Washington daga Durham zuwa Virginia: Tambayoyi da Amsoshi

Duk mai sauraron labaran duniya ya saba jin sunan Washington, ko dai birnin, ko mutumin da birnin ya ci sunansa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne sunan na wani ƙauye ne a arewacin Ingila, kuma gidan da ya haifi shugaban Amurka na farko ya haura shekara 470 a can kafin ɗaya daga cikinsu ya tsallaka teku. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan gida, da abin da takardu suka nuna.

George Washington ɗan Ingila ne ko Ba'amurke?

A Virginia aka haife shi a 1732, a gonar mahaifinsa da ke bakin rafin Popes Creek a gundumar Westmoreland. Ubansa da kakansa ma haihuwar Virginia ne. Wanda ya zo daga Ingila shi ne kakan ubansa, John Washington, wato George tattaɓa-kunnen John ne. Sai dai a lokacin Virginia tana hannun sarkin Ingila, don haka a matsayin talakan sarki ya tashi, kuma a haka ya yi shekara 44 kafin shelar 'yancin kai ta 1776. Ingila kuwa bai taɓa taka ƙasarta ba. Sau ɗaya ya tsallaka teku a rayuwarsa, a 1751, da ya raka yayansa Lawrence tsibirin Barbados neman lafiya. Tsarabar da ya dawo da ita ciwon agana ce, wadda ta bar masa zane a fuska.

Daga ina sunan ya samo asali?

Wajen shekarar 1180 wani mai suna William de Hertburn ya yi musayar ƙasa da Bishop na Durham, Hugh de Puiset. Ya ba da ƙasarsa ta Hertburn, aka ba shi ƙauyen Wessyngton. Kundin kadarorin Bishop ɗin da aka rubuta a 1183 ya ambaci wannan musaya. A wancan zamani mutum da ƙasarsa ake kiransa, kamar dai yadda ake jingina wa mutum sunan garinsu, shi ya sa William ya koma William de Wessyngton. Da tafiya ta yi tafiya baki ya goge sunan har ya zama Washington. Ƙauyen yanzu gari ne kusa da Sunderland, kuma tsohon gidan, Washington Old Hall, yana nan ana kai masa ziyara, ko da yake yawancin ginin da ake gani na ƙarni na 17 ne.

To ina maganar Sulgrave da ake cewa shi ne gidansu na gado?

Wani reshe na gidan ya gangara Warton a Lancashire. Daga wannan reshe Lawrence Washington ya fito, an haife shi wajen 1500, ya tafi Northampton ya kama fataucin ulu, wanda shi ne babbar hajar Ingila a lokacin. Kasuwa ta karɓe shi, har ya riƙe magajin garin Northampton sau biyu, a 1532 da 1545. Da Sarki Henry na Takwas ya ƙwace kadarorin gidajen ibada na Katolika yana sayarwa, Lawrence na cikin masu kuɗi a hannu. A 1539 ya sayi ƙasar Sulgrave, wadda da mallakin gidan ibada na St Andrew ce a Northampton, ya gina gida a kanta.

A ƙofar shiga gidan an sassaƙa tambarin iyalin a jikin dutse, can sama kuma tambarin Sarauniya Elizabeth ta Farko, don a san mai gidan na tare da gwamnati. A cocin ƙauyen akwai faranti na tagulla a kan kabarinsa da na matarsa Amee, an zana 'ya'yansu a jere, maza 4 mata 7. Ya rasu a 1584.

Amma arzikin bai daɗe ba. Zuwa 1610 an sayar da Sulgrave ga wani ɗan'uwansu ta wajen mace, Lawrence Makepeace. Saboda haka John da ya tafi Virginia bai gaji ko taku ɗaya a wurin ba. Martabar da gidan ke da ita a yau ta samo asali ne daga 1914, lokacin da aka tara kuɗi a Birtaniya aka saye shi don tunawa da cikar shekara 100 da sulhun Ghent tsakaninta da Amurka. An buɗe shi ga jama'a a 1921.

Me ya raba John Washington da ƙasarsu?

Siyasa ce ta karya ubansa, talauci ya kori ɗan.

Uban, shi ma Lawrence, an haife shi a 1602. Yana cikin ƙananan 'ya'yan gidan Sulgrave, kuma a dokar gadon Ingila babban ɗa namiji ke kwashe ƙasa, sauran su nemi na kansu a coci, ko soja, ko kasuwa. Shi karatu ya bi. Ya yi kwalejin Brasenose a Oxford har ya zama malami a cikinta, sannan a farkon shekarun 1630 aka ba shi limancin cocin Purleigh a Essex, wuri mai samu sosai. Ya auri Amphilis Twigden suka fara tara iyali.

Sai yaƙin basasa ya ɓarke a 1642 tsakanin Sarki Charles na Farko da majalisar dokoki. Essex ta majalisa ce, liman kuma na sarki. A 1643 majalisa ta tuɓe shi, bisa tuhumar cewa kullum yana mashaya kuma yana zagin sojojinta. Irin wannan tuhuma an yi ta jifan limamai masu goyon bayan sarki da ita a shekarun nan, don haka mai karatu ya auna ta da wannan ma'auni. Aka bar masa ɗan ƙaramin coci a Little Braxted da ba ya iya riƙe gida. Matar ta kwashi yara ta koma Tring wurin mijin uwarta. A 1649 aka fille wa sarki kai. A Janairun 1653 aka binne Lawrence a Maldon bai bar komai ba, Amphilis ta bi shi a 1655.

Da abubuwa sun tafi daidai, da John ma Oxford zai nufa. A maimakon haka ya shiga harkar fatake a Landan, ya koyi aikin jirgin ruwa da cinikin taba, wadda a lokacin ita ce kuɗin Virginia: da ita ake biyan haraji, da ita ake biyan bashi.

Da niyyar zama ya tafi?

Alamu sun nuna fatauci ya je. A ƙarshen 1656 ya isa Virginia a wani ƙaramin jirgi mai suna Sea Horse of London, yana mataimaki kuma abokin kasuwancin mai jirgin, Edward Prescott. Sun yi lodin taba sun juyo, a Fabrairun 1657 jirgin ya kafe a kogin Potomac kusa da rafin Mattox, hadari ya zo ya nutsar da shi, tabar ta lalace. John ya taimaka aka ɗago jirgin, amma ya ce shi ba zai koma ba. Rigima ta tashi tsakaninsa da Prescott kan kuɗi har gaban alƙali. Wani attajirin manomi na yankin, Nathaniel Pope, ya tsaya masa, ya ce zai ajiye fatun dabbar ruwa masu tsada a matsayin jingina.

Pope yana da 'ya mai suna Anne. A 1658 aka ɗaura mata aure da John, uban ya ba su gona eka 700 a bakin Mattox. In gara ce wannan, ta yi gara. Daga nan tushen gidan Washington na Amurka ya kafu.

Gabar John da Prescott ba ta mutu nan ba. A 1659 John ya kai ƙararsa a Maryland cewa an rataye wata mata, Elizabeth Richardson, a cikin jirginsa bisa zargin maita. Da aka sa ranar shari'a John ya aika cewa ba zai samu zuwa ba, domin ranar ta zo daidai da bikin baftismar ɗansa na fari kuma ya riga ya gayyaci mutane. Babu mai ƙara, aka sallami Prescott. Jaririn nan shi ne kakan George.

Daga baya ƙanensa Lawrence da ƙanwarsa Martha suka biyo shi. John ya zama ɗan majalisar Virginia da kanar na dakarun sa-kai. A 1674 shi da Nicholas Spencer suka samu takardar mallakar eka 5,000 a Little Hunting Creek, wurin da ya zama Mount Vernon, gidan da George ya zauna daga baya. Bayan rasuwar Anne Pope ya yi aure sau biyu, matan kuwa ya da ƙanwa ne 'yan gidan Gerard, ɗaya bayan rasuwar ɗaya. Ya rasu a 1677.

Gaskiya ne 'yan asalin ƙasar sun yi masa laƙabi?

Gaskiya ne, kuma ba na yabo ba. A 1675 dakarun Virginia da na Maryland suka yi wa sansanin ƙabilar Susquehannock ƙawanya, John na cikin jagorori. Shugabannin ƙabilar 5 suka fito don a tattauna, aka kashe su. An tuhumi jagoran Maryland, Thomas Truman, binciken Virginia kuma ya wanke John. Su dai 'yan ƙasar ba su wanke shi ba, suka sa masa Conotocarious, ma'ana mai cinye garuruwa. Bayan kusan shekara 80, da George yana saurayi ya shiga yankinsu a 1753, suka kira shi da sunan kakan ubansa. Su ma ashe suna riƙe da nasaba, a ka ba a takarda ba. A 1779 George ya tura rundunar Janar Sullivan ta ƙone garuruwan ƙabilun Iroquois kusan 40, sunan ya zauna masa daram.

Yaya jerin yake daga John zuwa George?

John ya haifi Lawrence a 1659. Lawrence ya auri Mildred Warner suka haifi Augustine a 1694. Augustine ya haifi George.

A tsakiyar jerin akwai wurin da saura ƙiris zaren ya koma Ingila. Lawrence ya rasu a 1698 yana da shekara 38. Mildred ta auri wani ɗan kasuwa, George Gale, ya tafi da ita da yaran uku garinsu Whitehaven a Ingila. A 1701 ta rasu a can, kabarinta na harabar cocin St Nicholas. Gale ya riƙe marayun, dangin uba a Virginia suka ƙi yarda, aka yi shari'a, aka mayar da yaran Virginia. Da hukuncin ya faɗa wa Gale, da wataƙila Augustine ya tsufa a Whitehaven.

Augustine ya haɗa noman taba da haƙar tama da narkar da ƙarfe. Matarsa ta fari, Jane Butler, ta haifa masa Lawrence da Augustine ƙarami cikin waɗanda suka rayu. Bayan rasuwarta ya auri Mary Ball a 1731, ta haifi George, Betty, Samuel, John Augustine, Charles, da Mildred da ta rasu tana jaririya. Manyan 'yan uban George an kai su makarantar Appleby a arewacin Ingila, inda ubansu ya yi. Kafin layi ya zo kan George uban ya rasu a 1743, yaron na da shekara 11. Ya gaji gonar Ferry Farm da bayi 10, karatun Ingila kuwa ya sha ruwa.

Yayansa Lawrence ne ya raɗa wa gonar Little Hunting Creek suna Mount Vernon, don girmama Edward Vernon, kwamandan ruwa da ya yi yaƙi a ƙarƙashinsa a Cartagena a 1741. Tarin fuka ya kashe Lawrence a 1752. George ya karɓi hayar gonar daga matar marigayin a 1754, ta zama tasa a 1761.

Me ya sa wasu ke rubuta 11 ga Fabrairu 1731, wasu 22 ga Fabrairu 1732?

Duka biyun rana ɗaya ce, ranar haihuwar George. Ingila da ƙasashen da take mulka suna kan tsohuwar kalanda har 1752, kuma a lissafin hukuma sabuwar shekara 25 ga Maris take kamawa. Da aka sauya, aka tsallake kwana 11, aka mayar da farkon shekara 1 ga Janairu. Wanda ke bin nasabar Turawan Ingila ya kula da wannan: duk ranar da ta faɗo tsakanin Janairu da 24 ga Maris kafin 1752, shekararta na iya zama ta gaba a lissafin yau. Mutane da yawa sun “gano” an haifi yaro bayan mutuwar uwarsa saboda wannan kawai.

Shi George ya san duk wannan tarihi?

Bai sani ba, kuma bai damu sosai ba. A ƙarshen 1791 Sir Isaac Heard, babban jami'in da ke kula da tambarin gidaje da nasabar manya a Landan, ya rubuto masa yana neman bayani. George ya amsa a ranar 2 ga Mayu 1792. Ya ce batu ne da bai ba shi muhimmanci ba. Ya lissafo abin da ya sani daga John zuwa kansa, ya ƙara da cewa yana yaro ya sha jin manya na cewa daga arewacin Ingila suka fito, amma ko Lancashire ce, ko Yorkshire, ko gaba da nan, bai riƙe ba. Shekara 135 kacal da saukar John, shugaban ƙasa bai san sunan uban John ba.

Heard ya duba kundinsa ya ga wasu 'yan'uwa biyu, John da Lawrence, a gidan Sulgrave, ya ɗauka su ne suka yi hijira. Sunaye sun dace, gida ya dace, aka yi ta kwafar wannan zance shekaru da dama. A shekarun 1860 wani mai bincike Ba'amurke mazaunin Landan, Joseph Lemuel Chester, ya nuna ba zai yiwu ba: waɗannan biyun a Ingila suka rayu suka mutu, ɗaya Sir John na Thrapston, ɗaya kuma limamin Purleigh. Wato Heard ya kama baffa da uba a matsayin 'ya'ya. Chester ya rushe ginin amma bai samu abin da zai maye gurbinsa ba.

Sai a 1889 Henry Waters ya warware ƙullin, kuma ta hanyar da ba a zata ba. Ya ci karo da wasiyyar Andrew Knowling na Tring, mijin uwar Amphilis, wanda ya bar wa 'ya'yanta kyauta ya jero sunayensu, ciki har da John, Lawrence da Martha. A takardun tabbatar da wasiyyar kuma sai ga sunan wani Lawrence Washington mai digiri na biyu. Daga nan aka haɗa Tring da Purleigh da Sulgrave. A ganina wannan ne darasin da ya fi kowanne amfani ga mai bin salsala: gidan da ke maimaita John da Lawrence a kowane tsara tarko ne, kuma abin da ke fitar da mutum daga tarkon galibi takardar rabon dukiya ce.

Akwai jikokin George Washington a yau?

Babu, domin bai haihu ba. A ranar 6 ga Janairu 1759 ya auri Martha Dandridge Custis, bazawara mai tarin dukiya da 'ya'ya biyu, John Parke da Martha Parke. Agololinsa ne, ya riƙe su riƙon 'ya'ya. Macen ta rasu a 1773, namijin a 1781, sai George ya ɗauki biyu daga cikin 'ya'yan namijin, Nelly da George Washington Parke Custis.

Wannan na biyun shi ya gina gidan Arlington. 'Yarsa Mary ta auri Robert E. Lee a 1831, wanda ya jagoranci sojojin Kudu a yaƙin basasar Amurka. Gwamnati ta mamaye gidan a 1861 ta fara binne sojoji a filinsa a 1864, shi ne maƙabartar Arlington ta yau. Kotun ƙoli ta mayar wa ɗan Lee da filin a 1882, ya sayar wa gwamnati kan dala 150,000.

Saboda haka wanda ya ce maka shi jinin George ne kai tsaye, ya yi kuskure. Zai iya zama jinin Martha, ko na 'yan'uwan George. Waɗannan kam suna da yawa. Samuel kaɗai aure biyar ya yi. Charles ya kafa garin Charles Town da ke West Virginia a yanzu.

Wa ya gaji Mount Vernon?

Ɗan ƙanensa, Bushrod Washington, alƙali a kotun ƙolin Amurka daga 1798 zuwa 1829. Ta kansa ne sunan gidan ya iso Afirka ta Yamma. Shi ne shugaban farko na ƙungiyar da aka kafa a 1816 don kwashe baƙaƙen Amurka 'yantattu zuwa Afirka, wadda ta kafa matsugunin da ya zama Laberiya. Tsibirin Bushrod a Monrovia, inda tashar jiragen ruwa take, sunansa ya ci. Wannan mutumin dai a 1821 ya sayar da bayi 54 daga Mount Vernon don ya biya bashi, jaridu suka yi masa ca, ya ce dukiyarsa ce.

Shi ma bai haihu ba. Gidan ya bi ta hannun 'ya'yan 'yan'uwa har ya iso John Augustine Washington na Uku, ƙasa ta gaji, gini na zubewa. Ya tallata wa gwamnatin tarayya da ta Virginia, ba wadda ta saya. Wata ƙungiyar mata ƙarƙashin Ann Pamela Cunningham ce ta tara dala 200,000 ta ƙulla cinikin a 1858, kuma har gobe ita ke riƙe da wurin. John Augustine ya shiga rundunar Kudu yana dogarin Lee, aka harbe shi a Satumban 1861.

Wai da gaske suna da dangantaka da gidan sarautar Ingila?

Da gaske ne, ta wajen mata. Kakar George, Mildred Warner, tana da 'yar'uwa Mary. Zuri'ar Mary ta koma Ingila ta gidan Porteus, ta gangaro har gidan Bowes-Lyon, inda mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta fito. Augustine Warner na Virginia, uban Mildred da Mary, kakansu ne su duka. Dangantaka ce mai nisa, irin wadda sai an zauna da alƙalami.

Tutar Amurka daga tambarin gidan aka ɗauko ta?

Tambarin farar garkuwa ce mai jajayen ratsi biyu da jajayen taurari uku a sama. Kamannin ya sa labarin ya yaɗu, musamman a ƙarni na 19, amma babu wata takarda ta 1777, shekarar da aka amince da tutar, da ta danganta su. Abin da ya tabbata shi ne tutar birnin Washington, da aka amince da ita a 1938, kwafin tambarin ce, kuma yana jikin lambar yabo ta Purple Heart da ake ba sojan da aka raunata.

Me ya sa yawancin masu sunan Washington a Amurka baƙaƙe ne?

A ƙidayar 2000 an samu mutum 163,036 masu wannan suna, kashi 90 cikin ɗari baƙaƙe. Babu wani sanannen sunan iyali a Amurka da ya kai wannan kaso. Mutane kan ɗauka jikokin bayin Mount Vernon ne, amma ba haka abin yake ba: bayin da aka san sunayen iyalinsu a can suna amsa irin su Lee, Anderson, Branham da Quander. Bayan 'yanta bayi a 1865 miliyoyin mutane suka buƙaci sunan da za a rubuta a takarda, da yawa suka zaɓi sunan da ya fi kowanne girma a ƙasar. Booker T. Washington, da aka haifa cikin bauta a 1856, da kansa ya ba da labarin yadda ya zaɓi sunan ranar da malami ya tambaye shi a aji.

Su bayin gidan fa, ana iya bin nasabarsu?

Nan ne aikin ke da wuya. A 1799, watanni kafin rasuwarsa ranar 14 ga Disamba, George ya zauna da hannunsa ya rubuta jerin bayin Mount Vernon: mutum 317. Kowa da suna ɗaya, da gonar da yake, da aikinsa, wani lokaci da shekarunsa da sunan mata ko miji. Daga ciki 123 nasa ne, 153 na dukiyar gidan Custis, sauran na haya. Wasiyyarsa ta ce a 'yanta nasa bayan mutuwar Martha, ita kuwa ba ta jira ba, ta sake su ranar 1 ga Janairu 1801. Na Custis doka ba ta ba shi iko a kansu ba, aka raba wa jikokin Martha bayan rasuwarta a 1802. Da yake an yi ta auratayya tsakanin ɓangarorin biyu, sai ga miji ya samu 'yanci, mata da 'ya'ya a hannun magada.

Wasu sunayen za su ja hankalin mai karatu. A jerin haraji na 1774 akwai mata biyu, Fatimer da ƙaramar Fatimer, kuma masana tarihin wurin na ganin Fatima ce aka rubuta haka. Akwai kafinta Sambo Anderson, haihuwar Afirka, mai tsage a fuska da 'yan kunne na zinariya. Sunan Sambo sananne ne a wurin Fulani da Hausawa, amma suna kaɗai ba ya kafa hujjar ƙabila, wannan ƙa'idar da ta kama Heard ta shafe mu mu ma.

Akwai kuma waɗanda jini ya haɗa da masu gidan. Maria Carter Syphax 'yar George Washington Parke Custis ce da wata baiwa, Arianna Carter. An 'yanta ta, uban ya ba ta eka 17 a Arlington, kuma a 2016 hukumar da ke kula da gidan ta amince da wannan reshe a bainar jama'a. West Ford, wanda ya tashi a gidan John Augustine, ƙanen George, kuma ya kafa unguwar Gum Springs a 1833, zuri'arsa na cewa George ne ubansa, yawancin masana tarihi kuma sun fi karkata ga wani namiji a gidan John Augustine. A 2024 aka wallafa sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta na ƙasusuwan da aka tono a Harewood, gidan Samuel, wanda ya fitar da alamar jinin maza na gidan. Irin wannan gwaji na nuna gida, ba ya ware yaya daga ƙane.

Akwai rassan gidan a wasu ƙasashe ban da Amurka?

Akwai. Wani reshe daga Yorkshire ya sauka Holand, daga cikinsa Jakob von Washington ya fito, haihuwar Hague a 1778, wanda ya zama janar a rundunar Bavaria ta Jamus.

Mai son bin sawun wani gidan Ingila da ya yi hijira, ta ina zai fara?

Daga na baya-bayan nan zuwa na da, kada ya fara da wani mashahuri ya nemi hanyar sadar da kansa da shi. A Ingila rajistar baftisma da aure da binnewa a coci ta fara a 1538 bisa umarnin Thomas Cromwell, rajistar gwamnati a 1837, ƙidaya mai sunayen kowa a 1841. Shekarun yaƙin basasa na 1640 zuwa 1660 suna da giɓi a coci da yawa, kuma daidai lokacin ne mutane irin su John suka fita. Wasiyyoyi da takardun filaye su ke cike giɓin.

A ɓangaren Amurka wuta ta yi ɓarna. Takardun gundumomin Virginia da dama da aka kai Richmond don a adana sun ƙone a Afrilun 1865, yawancin ƙidayar 1890 kuma ta lalace a gobarar 1921. Gidan Washington ya yi sa'a, kundin kotun Westmoreland ya tsira, shi ya sa har yau ake karanta rigimar John da Prescott. Mai neman kakannin da suka yi bauta kuwa zai tarar ƙidayar 1850 da ta 1860 sun rubuta su ne da shekaru da jinsi da launi a ƙarƙashin sunan ubangida. Ƙidayar 1870 ce ta fara kiran yawancinsu da suna. Kafin wannan shekara sai dai ya koma takardun rabon gadon iyayengiji, ya duba shafin da aka yi wa kayan gida da dabbobi kuɗi, domin a nan ake jera su.